Dutsen da Ya Narke a Hannun Baba Mai Zarto

Shekara talatin da ɗaya Baba Mai Zarto ya yi a ɗakin ƙasa na sashen binciken duwatsu na jami'a, yana yanka dutse. Yakan yanko ɗan guntu, ya manna shi a gilashi, ya yi ta gogawa har sai ya fi fatar albasa sirantaka, haske na ratsa shi. Daga nan masu digiri su ɗora a madubin bincike, su faɗi sunan dutsen da Turanci mai tsawo, a tafa musu. Shi bai damu da tafi ba. Abu ɗaya yake taƙama da shi, kuma har matarsa ta haddace: bai taɓa lalata yanka ko ɗaya ba.

Saura wata biyu ya yi ritaya sai ga wata Dakta ta sashen, wadda ba ta girmi 'yarsa ta fari ba, ta sauko da wani abu a auduga kamar ta ɗauko jinjiri. Wai dutse ne da ya faɗo daga sama, wani manomi ya tsinta. Baba ya leƙa. Fari-fari, tamkar guntun kankare, maganaɗisu ma bai kula shi ba. A ransa ya ce sama ma ashe tana zubar da shara. Dakta ta ce ɗan wannan guntun kawai aka ba su, yanka biyu zai yi, kuma da shi za a gane ajinsa a cikin duwatsun sama.

Baba ya kunna zarto, ya saki ruwa a kan ƙarfen kamar yadda yake yi wa kowane dutse. Yana cikin guga sai wari ya tashi, irin na ruɓaɓɓen ƙwai. Mai shara ta toshe hanci, ta harare shi, ta ce tsufa dai ba hauka ba ne, mutum ya riƙa fita waje. Shi kuwa ya riga ya ɗaga gilashin ya ga abin da ya faru: ramuka birjik, wasu ƙwayoyin dutsen sun bi ruwa.

Ya tsaya da gilashin a kan kwandon shara. Ya san in ya ce haka dutsen ya zo, ba mai musa masa. Amma yanka ɗaya ya rage, kuma duk wanda ya sake sa masa ruwa, shi ke nan. Ya hau bene yana jin kunya har cikin ƙashinsa.

"Dakta, na ɓata miki dutse."

Ta duba ramukan, ta tambaye shi ko ya ji wani wari. Da ya ce e, sai ta miƙe tsaye. Ta ce akwai wani ma'adini na kalsiyam da farar wuta da ba ya jure ruwa, in ya jiƙe sai ya narke ya tayar da irin wannan warin, shi ya sa da wuya a same shi a duwatsun duniya, kuma ajin duwatsun sama masu ɗauke da shi kaɗan ne ƙwarai. Baba ya ce to ta kai sauran wa wani.

"Wa zan ba, Baba? Kai kaɗai ka san yadda ake lalata shi."

Kwana uku ya yi yana gugar na biyun da kananzir maimakon ruwa, ko atishawa ba ya yi kusa da shi. Ya fito sumul. Awo ya nuna magnesiyam jingim, ƙarfe kusan babu, ga ƙwayoyin nan zaune lafiya lau. Aka sa dutsen a ajinsa.

Shi kuwa lalataccen, Dakta ta hana a jefar. Ta sa shi a akwatin gilashi a bakin ƙofa don ɗalibai su ga aikin ruwa, ta ce ƙa'ida ce a rubuta wanda ya yanka. Baba ya karɓi biro ya rubuta da hannunsa. A duk ginin nan, nan kaɗai sunansa yake.