Akuyar da ta cinye fish ɗina

Har gobe ban manta da safiyar Talatar da ansifekta, wato mai duba malamai, ya sauka lakwal, wato makarantar boko, ta Matameye daga Damagaram ba. Shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, ina monitar, ƙaramin malamin da ba a tabbatar ba tukuna. Rahotonsa ne zai tabbatar da ni, ko ya jefa ni Bilma cin gishiri.

Doka ita ce kowane darasi a rubuta shirinsa a takardar da ake kira fish, darakta, shugaban lakwal, ya sa hannu. Na ranar kan sassan jikin dabba ne da Faransanci. Darakta ya ce in sa yara su yi ta maimaita littafi har ya zauna. To na gwada haka wata guda. Suna rera “la corne”, wato ƙaho, har rufin aji yana rawa, amma da na ce su nuna mini, wani ya kama hancinsa.

Sai na aro akuyar maƙwabciya. Tsarina shi ne yaro ya gani, ya taɓa, ya faɗa, sannan ya rubuta a allo. Muna kan taɓawa ansifekta ya shigo, wani Nasara ne, tsawonsa ya kai giginya biyu. Ya miƙo hannu a ba shi fish. Na waiwaya teburi, ashe akuya ta riga shi karɓa.

“Ina fish ɗinka?”

“Mushe,” na ce, wato yallaɓai da Faransanci, “yana cikin kayan aiki. Ana kan nazarinsa.”

Darakta ya so ƙasa ta tsage. Ansifekta ya ce darasin da babu takarda ba darasi ba ne, a fitar da dabbar.

“Ba za ta fita ba sai mun kai rubutu,” na ce. “Tambayi wanda ka ga dama. In ɗaya ya faɗi, ni da kaina zan nemi raƙumin Bilma.”

Ya yi ta tambaya har gumi ya jiƙa hularsa. Ƙaho, kofato, gemu, wutsiya, duk wanda ya nuna sai ya taso ya kama wurin, ya faɗi sunan, ya rubuta.

An tabbatar da ni, tare da takardar gargaɗi kan shigar da dabba ginin gwamnati. Na karɓa da hannu biyu.

Ku sababbin malamai, ku rubuta fish, ban hana ba. Amma kafin ku ɗauki alƙalami, ku san abin da kuke so yaro ya iya yi in an tashi, da matakin da zai fara takawa. Manya suna duba takarda ne, kai kuwa yaran ne za su tsaya maka shaida.