Sauke 'Yar Kwali Daga Bayan Goggo

Shekara ashirin da shida Goggo ta yi tana aiki a gidan renon jariran da aka tsinta, kuma in ka tambaye ta abin da ta tara, gwiwoyinta za ta nuna maka. Kowa Goggo yake ce mata, daga mai gadi har shugabar gidan, har 'yan sandan da ke kawo jarirai a naɗe cikin tsumma. Da safe takan sauko daga motar haya, ta tsaya a bakin titi sai ƙafar hagu ta yarda, sannan ta ja jiki ta shiga. Ɗakin da take aiki dogo ne, gadajen ƙarfe goma sha huɗu a jere jikin bango, fanka ɗaya mai ƙara, da teburin da ake dama madara. Ƙarnin madara da sabulu ya kama jikinta, har mijinta, wani tsohon direba, yakan tsokane ta cewa mace ya aura amma da jaririya ya ƙare.

A gidan ba a raɗa wa yaro suna, wannan haƙƙin waɗanda za su ɗauke shi riƙo ne. Sai dai a kira shi da inda aka same shi. Akwai Ɗan Tasha, akwai Na Gada. 'Yar Kwali kuwa wani mai shara ne ya gan ta a bayan kasuwa cikin kwalin sabulu, ko cibiyarta ba ta faɗi ba.

Gidan yana da doka guda da ta fi kowace ƙarfi: ba a goyo, kuma ba a barin yaro a hannun mai reno ɗaya. Duk mako ana juya gadaje tsakanin ma'aikata. Dalilin a fili yake, yaron da ya shaƙu da mai reno ba ya zama a gidan mutane. Goggo ce ma take koya wa sababbin ma'aikata wannan doka, da faɗa da nuna yatsa. To amma 'Yar Kwali ta dawo daga asibiti 'yar mitsitsiya, jikinta ba ya riƙe ɗumi, sai Goggo ta ce bari ta goya ta na yini ɗaya kawai. Yini ɗayan nan ne ya zama wata shida. Shugaba ta gani ta kau da kai, don hannu ya yi kaɗan, yarinyar kuma tana ta ƙiba.

Da ta cika wata shida wasu mata da miji suka ɗauke ta. Kwana tara suka dawo da ita. Ta ƙi shan madara, ta rame, ta yi kuka har muryarta ta dushe. Mijin ko zama bai yi ba, ya ajiye jakar kayanta a ƙofa. Goggo na karɓar ta yarinyar ta yi tsit ta kwantar da kai, kuma Allah ya yafe wa Goggo, daɗi ta fara ji. Sai daga baya kunya ta rufe ta, don ta san ba laifin mutanen ba ne, aikin hannunta ne.

Jami'ar walwala, wadda ke nemo wa yaran iyayen riƙo, ba ta ɓoye mata komai ba. Ta ce mutane jariri suke so. Yarinyar da ta wuce shekara, ga fayil ɗinta ya nuna an taɓa dawo da ita, babu mai kallonta. Daga nan sai gidan manyan yara da ke can ƙarshen gari, inda yara arba'in suke girma a hannun mata uku. Goggo ta san gidan. Ta taɓa zuwa ta ga wani yaron da ta rena yana bin kowane baƙo yana kama masa riga.

Ta yi tunanin ɗaukar 'Yar Kwali da kanta. Babbar 'yarta ce ta tuna mata shekarunta, da ɗaki biyun da suke ciki, da cewa kotu ba za ta ba ta ba. Goggo ta yi mata faɗa sosai a ranar, saboda gaskiya ta faɗa.

Yarinyar tana da wata goma aka samu wani tela da matarsa, shekara goma sha biyu da aure babu haihuwa. Sun karanta fayil ɗin, suka ce duk da haka suna so. Jami'ar ta dubi Goggo ta ce, "In aka sake dawo da ita, shi ke nan fa."

Goggo da kanta ta kawo shawara. Matar tela ta riƙa zuwa kullum daga safe zuwa yamma har wata guda, ita kuma Goggo a mayar da ita ɗakin wanki. Kafin ta tafi ta zaunar da matar ta zazzage mata duk abin da ta sani: madara kada ta yi zafi, a ƙugu ake bubbuga ta ba a kafaɗa ba, in ta fara murza kunne barci take ji. Matar tana ta gyaɗa kai.

Abin takaici, bango ɗaya ne tsakanin ɗakin wanki da ɗakin jarirai. Goggo tana sunkuye a kan bahon kunzugu, tana jin kukan 'Yar Kwali daban da na sauran, kamar a cikin ƙirjinta ake yi. Rana ta huɗu matar tela ta shigo da gudu, idonta jawur.

"Goggo, don Allah ki zo ki karɓe ta ko minti biyar ne. Za ta shiɗe."

Goggo ba ta ɗago ba. Ta ce, "In na karɓe ta yau, ke ce za ki dawo da ita gobe. Koma ki riƙe 'yarki."

Matar ta fita, da alama ta ɗauka tsohuwar ba ta da imani. Goggo ta ci gaba da cuɗa kunzugu ɗaya da ya daɗe da fita.

Ta koma shiga ta ƙofar baya don kada yarinyar ta hango ta. Ta daina ɗaga murya, ita da ake jin faɗanta tun daga bakin titi, har mai gadi ya tambaya ko ba ta da lafiya ne. Wankin ya ci hannayenta, baya ya ƙage, tana komawa gida sai ta kwanta ko hira ba ta yi. Mako na biyu kukan ya ragu. Mako na uku ta ji dariyar yarinyar ta bango, ta tsaya da jiƙaƙƙen tawul a hannu, ta rasa ko murna za ta yi. Gaskiya kishi ta ji, ta kuma ji haushin kanta.

Ranar tafiya, da hantsi, aka gama sa hannu a takardu. Shugaba ta aika a kira Goggo ta zo su yi sallama. Ta goge hannu a zaninta ta fito tsakar gida tana ɗingishi. Tela yana riƙe da jaka, matarsa tana rungume da yarinyar cikin wata 'yar riga shuɗiya da ya ɗinka da kansa. 'Yar Kwali ta yi ɓul-ɓul, har haƙori biyu sun fito a sama.

Goggo ta miƙa hannuwa biyu. Yarinyar ta dube ta, ta dube ta, sannan ta juya ta cusa fuska a wuyan matar tela ta ƙanƙame ta.

Matar ta yi dariya cikin jin nauyi, ta ce, "Ki yi haƙuri, Goggo, kwanan nan ƙiwa take yi wa baƙi." Sai da maganar ta fita ta gane abin da ta faɗa, ta rufe baki da hannu.

Goggo ta sauke hannuwanta a hankali.

"Haka ake so," in ji ta. "Ku tafi da ita kafin rana ta yi zafi."