Rakiyar Inna

Ku matso kusa, ku ara mini kunne. Ga ta nan tafe, amma ba ta namun daji ba ce, a tsakar gidana aka yi ta, nan Boukoki.

Ina da jika mace, ɗiyar ɗana na fari. Tun da uwarta ta rasu take hannuna. Sunan mahaifiyata ta ci, don haka bakina bai taɓa kama sunanta ba, Inna nake ce mata. Ni ban taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba. Ita kuwa Faransanci bai ishe ta ba, sai da ta ɗora son Ingilishi a kai.

Wata la'asar ina zagar zogale, sai na gan ta ta fito daga ɗaki a guje, ta yi bakin randa, ta dawo, ta sake zabura har kaji suka watse.

Na ce, "Inna, kunama ce?"

Ta ce, "Karatu ne, Kaka. Malaminmu ya ce kalmomin gudu ba su zama a kai sai ƙafa ta yi su."

"To wane irin mutane ne waɗannan, da gudu ɗaya bai ishe su ba?"

Ta yi dariya ta shiga nuna mini. Akwai na wanda ya makara, akwai na ɓera in ya ji motsin kyanwa. Akwai na doki da ya tsinke igiya. Akwai na wanda ya sulale daga taro ba wanda ya gani. Wani kuma na mutanen da ruwa ko wuta ta koro. Bakina bai riƙe ko ɗaya ba, amma idona ya riƙe duka.

Ta ce, "Tsohuwa, tashi ki yi na ɓeran."

Na ce, "Ja can, mara kunya. Ni gudun da na sani na zuwa masai ne."

Da aka ce ta samu gurbin karatu a Ghana, ban hana ba. Abu ɗaya na roƙa: in raka ta. A gidanmu mai tafiya nesa ba ya fita haka nan. Ana taka masa har bakin hanya, a dafa kansa, a yafi juna, a tsaya har ya ɓace wa ido. Mijina a kasuwa ya faɗi, gawarsa aka kawo mini. Ubanta kuma da zai tafi neman aiki arewa, sai a bakin maƙwabta na ji. Na ce wannan kam ba za ta wuce ni ba.

Ta ce, "Kaka, har cikin babbar motar kar ɗin za ki sa ni. Sai Juma'a ne."

Ana saura kwanaki na shiga taksi na tafi Saga wurin ƙanena, in karɓo mata sabuwar shinkafar gonarsa, don an ce ta can ba ta da ƙamshi. Ba a gama sussuka ba, na zauna jira. Aka yi hira, aka ci, aka yi azahar. Raina kwance.

Da na dawo, maƙwabciyata Bazabarma tana zaune a ƙofata. Ta tare ni da Hausarta ta kasuwa: "Iya, yarinya ya tafi. Direba ya ce yau ne, ba Juma'a. Yarinya ya yi kuka, ya jira, ya jira."

Direban da zai kai su, ɗan unguwarmu, shi aka sauya wa rana. Na shiga ɗakinta. Gado a hargitse, ɗankwalinta a ƙasa, kofin shayi rabi, ƙuda a bakinsa. Ban ajiye shinkafar ba. Da ita a ka na fita, na taka har bakin titi inda da zan tsaya, na tsaya. Motoci suna wucewa. Na yi addu'ar da zan yi, na ce na yafe, ba kan da zan dafa.

Bayan ta sauka ta kira ta wayar maƙwabciyar. Na ce, "Inna, cikin guje-gujen nan naki, wanne kika yi mini?"

Ta ce, "Na wanda ya makara, Kaka. Wallahi ba na mai sulalewa ba."

Na ce, "Na sani. Sunkuyar da kanki." Ta ce ta sunkuya. Na dafa wayar, na sa mata albarka.

Inna tana can har yau, ta gama karatu tana koyarwa, kullum sai ta ce baɗi. Ubanta bai dawo ba. Maƙwabciyar ta bi ɗanta unguwar Gaweye. Direban ido ya hana shi tuƙi, yana sayar da ƙanƙara. Ƙanena na Saga ya riga mu gidan gaskiya. Shinkafar na dafa ta kaɗan-kaɗan, ni kaɗai, har ta ƙare. Ni kuwa ga ni a tsakar gidan, da kajin. Nan tawa ta tsaya.