Garwar Ruwan Teku

Inna ce ta jawo mini ɗaukar garwar nan. Ranar da zan bar gidanmu na Gwale in tafi kudu sayar da kayan fata, ba ta ce in kawo mata atamfa ko sarƙa ba. Gwiwoyinta ta nuna mini, duk sun kumbura, ta ce wata maƙwabciyarmu 'yar Barno ta faɗa mata ruwan teku na maganinsu. Na ce, "Inna, tekun gaba ɗaya zan naɗo miki." Bakina tun ina yaro ya fi ƙafata sauri.

Garin da na sauka na bakin ruwa ne, akwai otal inda Turawa ke zuwa su tuɓe su kwanta a rana kamar an shanya kilishi. Ni kuma ina bin su da jakunkuna da takalma, ina yi musu Turancin da ni kaina ban san me nake cewa ba. Karatuna bai wuce 'yan surorin salla ba, su ma malam ya sha wahala.

Sai labarin abin da aka yi wa 'yan'uwan mutanen garin a Arewa ya iso. Wannan kafin yaƙin basasa ne da kaɗan. Turawa suka watse. Matar da nake sayen ƙosai a wurinta kullum ta daina duban fuskata, rannan kuma ta miƙo mini ƙunshin ta ce ƙasa-ƙasa, "Kada ka zo gobe." Motocin haya na Arewa sun cika sun tafi da masu kuɗi, ni kuwa jarina duk yana cikin takalman da ba mai saya. Na bar su a ɗaki. Amma don wauta sai da na je bakin teku na cika garwar kananzir, na toshe da tsumma da itace, na ɗora a ka, na fita bakin gari ina ɗaga wa motoci hannu.

Ba wanda ya ko rage gudu. Rana ta yi tsaka sannan wata motar shanu da ta sauke kaya ta tsaya. Direban dattijo ne, ɗan Ƙofar Kabuga, yaron motarsa ya gudu ya bar shi.

"Ka iya sa weji a taya?"

"Baba, a cikin weji aka haife ni."

"Maƙaryacin banza. Mene ne a garwar?"

Na faɗa masa. Ya dube ni ya daɗe. "Mutane na gudu da ransu, kai kana gudu da teku. Zubar."

Na ce sai dai ya bar mu tare. Ya yi tsaki ya ce in hau, in cire hulata in tura ta ƙarƙashin kujera. Tasa ma tana can.

Hanyar ce ta fara ba ni tsoro. Ba mota a gabanmu, ba wadda ke zuwa. Kasuwannin bakin titi rumfuna kawai, ga ayaba a rataye ba mai ita. Mun wuce wata babbar mota a kife cikin rami, ta ƙone, tayoyinta na hayaƙi har lokacin. Baba direba bai juya kai ba. Na buɗe baki zan yi barkwanci, ya ce, "Rufe."

Can muka shiga wani ƙauye mai rafi a gefensa. Samari ne tsaye bakin hanya, ba sa magana, kowa hannunsa a baya. Suka bi mu da ido. Mun ɗan wuce sai na ji an fara buga wani ƙarfe, irin na kiran taro.

Muna kan hawan tudu bayan ƙauyen, tururi ya turnuƙe gilashi. Motar ta yi tari ta mutu. Na diro na cusa weji a bayan taya, ashe na iya. Baba ya ɗaga bonet, tiyon lagireto ya tsage, ruwan duk ya tsiyaye. Ya ɗaure shi da robar tayar keke, sannan ya tsaya yana duban baya, wajen rafin. Ni ma na duba. Ba wanda ya ce a je ɗebo ruwa.

Sai ya dubi garwata.

"Na Inna ne," na ce. Wallahi haka na ce, ina rungume da ita.

"Innarka ruwa take jira ko kai?" Ya share gumi. "Ni ma ba so nake ba. Gishirin nan cinye mini lagireto zai yi. Kawo."

Na miƙa, amma ya ce ba yanzu ba, in aka zuba wa inji ruwa da zafinsa tsagewa zai yi. Muka tsaya muna jira. Ban taɓa jira irin wannan ba. Ƙarfen ƙauye ya yi shiru, kuma shirun ya fi bugun muni. Tsuntsaye suka tashi daga itatuwan da ke ƙasan tudu. Baba na taɓa injin da bayan hannu yana janyewa, leɓensa na motsi da addu'a. Sai muka fara jin muryoyi, da ƙarar adda tana gogar kwalta.

"Zuba. A hankali, ɗan banza, a hankali!"

Ina zubawa, tekun Inna na shiga cikin mota. Ya hau ya murza makulli. Ta yi gurnani ta ƙi. Ya sake. Na farkon samarin ya ɓullo a kwana, ba ya ko gudu, tafiya yake kamar ya san muna nan. A murzawa ta gaba ta kama. Na fizge weji, na jefa garwa a baya, na bi motar na kama katako na rataye. Wani abu ya daki jikin motar kusa da ƙafata. Ban duba ko mene ne ba.

Sai da muka haye kogi muka ga jar ƙasa sannan Baba ya ciro hularsa ya sa.

A Ƙofar Na'isa ya sauke ni, na ƙarasa Gwale a ƙafa da garwa a hannu tana ƙara. Na tarar da tabarmi a zaure, mutane na zuwa yi wa Inna jaje tun kafin a ji labarina. Ta daɗe riƙe da wuyan rigata. Da ta sake ni ta karkata garwar, ɗan abin da ya rage ya ɗigo a tafinta tare da yashi. Ta lasa.

"Gishiri ne kawai? Wannan ai akwai shi a madafa."

Amma ta shafa a gwiwar. Garwar kuma ba ta bari an ɗebi ruwa da ita ba har ta rasu.

Baba direba, duk inda muka haɗu sai ya ce ni na kashe masa lagireto. Mukan yi dariya. Maganar tudun nan kuwa, har ya koma ga Allah ba wanda ya taɓa tayar da ita a cikinmu.