Tarwada a Kwandon Shaida

An kore ni daga wani kamfanin jima a Sharada saboda kifi, a zamanin da masana'antu ke aiki ba tsayawa. Shekara tara na yi ina juya fata cikin kwatamin magani, kuma ni ne mai buɗe bututun da ke sako dattin ruwa cikin rafin bayan kamfani.

Na san rafin nan tun ba a dasa masa bututu ba. Ko da rani akwai gurbin da ba ya ƙafewa, ana kama karfasa a ciki. Da kamfanoni suka yi yawa sai ruwan ya koma yau shuɗi gobe ja, gashin awaki yana yawo a kai. Albasar masu lambu ta riƙa ƙonewa a tsaye.

Wani tsohon masunci, Baba muke ce masa, shi ya kira gayya. Masu lambu suka fito, da masu wanki, da mu leburori kaɗan. Duk Lahadi muna cikin rafi da shebur muna kwashe baƙin taɓo. Muka haƙa ramuka uku a bakin bututu, muka zuba yashi da gawayi don ruwa ya tace kafin ya gangara. Sau biyu fatar ƙafata tana saɓulewa. In sati ya kama kuma in koma in buɗe bututun da hannuna. Na san abin da nake yi. 'Ya'yana huɗu ne.

Baba ya ce a nutsa kifi mai rai cikin kwando, a riƙa dubawa safe da yamma. In ya rayu, aiki ya yi. Sai ciwo ya kwantar da shi. Mu kuwa muka sayo tarwada, don ita ake samu da rai a kasuwa. Sati uku tana nan tana kaɗa gashin baki. Muka yi murna, har da rabon goro.

Da duba-gari ya zo kan ƙarar masu lambu, foman ɗinmu, wato shugaban leburori, ya kai shi wajen kwandon.

"Ranka ya daɗe, ga shaidar da suka ajiye da kansu. Dubi ƙibarta."

Duba-gari ya rubuta cewa ruwa lafiya lau, ya tafi.

Da Baba ya samu sauƙi ya leƙa kwandon, sai ya tofar da yawu.

"Wane ɗan birnin ne ya sa tarwada?"

"Mu ne, Baba."

"Allah ya shirye ku. Tarwada ai lebura ce irinku, duk abin da aka zuba mata haɗiyewa take yi. Ku kawo karfasa."

Daga kogin Challawa aka kawo karfasa a tulu. Kwana biyu lafiya, rannan duk suka juya ciki sama. Aka sake sa wasu, haka. Baba ya lura kullum Talata da Asabar suke mutuwa. Ni ban buƙaci lura ba.

Masu lambu suka sake janyo duba-gari. Foman ya ce ai ba mu kaɗai ke zuba ruwa a rafin ba, a nemi masu rini. Duba-gari ya dubi jama'a.

"Akwai wanda zai ce ga inda abin yake fitowa?"

Foman ya kafa mini ido.

Na ce, "Talata da Asabar bayan azahar ake juye babban kwatami. Ba ya bi ta ramukanmu. Akwai bututu na biyu ƙarƙashin katanga. Ni nake buɗewa."

Foman ya ce, "Malam, ka tuna da tuwon gidanka."

"Na tuna. Da albasar rafin nan ake miyarsa."

Washegari maigadi ya tare ni a ƙofa ya ce an sallame ni, yana ta ba ni haƙuri kamar shi ya yi korar. An toshe bututun na biyu da siminti. Rafin bai koma yadda yake da ba, amma gurbin nan ya riƙe karfasa damina biyu, na ci da bakina.

Daga baya foman ya aiko wai in zo in ce a ruɗe na yi magana, a mayar da ni. Na ce wa ɗan aiken ya gaishe shi.

Yanzu ina Dakata ina dako, ina sauke buhuna daga manyan motoci. Ranar Lahadi ba na karɓar aikin kowa, ina bakin rafi.