Aji Huɗu Ya Sauko Ƙasa

Maman Gwamna ake kiranta a firamaren gwamnati da ke bayan tashar mota, ba don ta haifi mai mulki ba. Ɗanta ne ƙafafunsa ba sa ɗaukarsa, ko'ina sai an kai shi. Yara kuwa ka san bakinsu, suka laƙaba masa Gwamna. Shi ma sunan ya yi masa, har hannu yake ɗaga musu daga bayan uwarsa.

Da can a gidan burodi take aiki. Tun da yaron ya shiga aji ɗaya ta ajiye, domin makarantar ta karɓe shi hannu bibbiyu, amma ba ta da mai kai shi bayan gida. Sai uwar ta riƙa goyo shi da safe, ta zauna kan benci a baranda har a tashi. Uban kuwa ya tafi neman aiki, har yau bai gama nema ba.

Unguwar ta 'yan cirani ce da waɗanda rikici ya koro, kowa da yarensa. In sabuwar uwa ta shigo tana rarraba ido, Maman Gwamna ce ke jan hannunta, ta nuna mata inda ake raba kayan makaranta na kwance, da layin abincin rana na kyauta, da ɗakin da nas ke duba yara. Malamai suna cewa ita ce ginshiƙin makarantar. Ginshiƙi fa! Baiwar Allah ta gaji liƙis. Bayanta na ciwo, tukunyarta ba ta hawa wuta sai maƙwabta sun taimaka, ga benci ya riƙe ta ba gaba ba baya.

Makarantar bene ce, tsarinta kuma tun asali aji ɗaya zuwa uku a ƙasa, huɗu zuwa shida a sama. Gwamna ya gama aji uku, ya yi nauyi kamar buhun siminti, kowa ya san ba za ta iya hawa da shi ba. Da mai gidan burodin ta aiko cewa ta dawo aiki bayan hutu, wallahi sai ta ji iska ta shiga ƙirjinta. Ba ita za ta cire shi daga makaranta ba, matattakala ce. Zai riƙa wuni wurin ƙanwarta, ai ya iya karatu.

Ranar ba da hutu hedimasta ya kira ta ofis.

"Maman Gwamna, albishirinki!" Bai ma jira ta ce goro ba. "Mun zauna da malamai da iyaye. Aji huɗu zai sauko ƙasa. Baɗi aji biyar ya biyo, har Gwamna ya gama shida."

Ta leƙa waje. Iyaye maza na ta saukowa da tebura, kowa na ba da umarni da yarensa, ba mai jin wani, sai dariya. Gwamna na zaune a gindin matattakala yana nuna musu inda za su ajiye, bakinsa ya ƙi rufuwa.

"Malam, Allah ya saka da alheri," ta ce, sai ga hawaye.

"Haba, daina kuka, ai haƙƙinsa ne."

Ta gyaɗa kai, ta fita, ta durƙusa ta goya yaron. Ya raɗa mata a kunne:

"Mama, ba ki ji daɗi ba?"

"Na ji mana. Riƙe ni da kyau. Za mu biya ta gidan burodi, in ce musu su nemi wata."