Shahon Gonar Malam

Na daɗe ina ɗaukar hoto a Funtua, biki da suna da fasfo, har na gaji da ce wa mutane su ɗaga haɓa. Abin da raina ke so daban ne, ban dai cika faɗa ba don kada a ce na fara taɓuwa. Shaho nake so in ɗauka, yana zaune kan reshe, wata na fitowa a bayansa.

Abin ba ya yiwuwa sai wata ya cika, ranar da rana ke faɗuwa shi kuma yana leƙowa daga gabas. Sai ka tsaya nesa, yamma da bishiyar da shahon ke sauka, ka ɗaura wa kyamara dogon gilashi, ka kafa ta kan ƙafa uku. Mintoci kaɗan gare ka. In wata ya ɗaga ko haske ya ƙare, sai kuma wani watan.

A gonar mijin yayata na ga shahon, a wani ƙauye bayan Kafur. Akwai wata ɗorawa da tsawa ta kashe a gefen audugarsa, nan yake sauka kullum da yamma. Malam muke ce wa mijin yayar tawa. Mutum ne mai sanyin hali, shi ke jan salla in liman ba ya nan, kuma yana cikin dattawan da ke zama kan tsaron gari. Da na faɗa masa buƙatata, dariya ya yi har da tari.

"Amare sun ƙare a Funtua ne, ka koma kan ɓarawon 'yan tsaki?"

Dariyar ba ta yi nisa ba. Tun da ɓarayin daji suka fara shigowa yankin, ƙauyen ya kafa doka. Da an kira magariba ake jan ƙaya a rufe hanya. Baƙo kuma ba ya shiga gona sai ɗan gari ya tsaya masa, kuma in wani abu ya biyo baya, wanda ya tsaya ɗin za a riƙe a matsayin wanda ya kawo ɗan leƙen asiri.

Yaya ta ce kada ya yarda, a gabana ta faɗa. "Kai in ta ɓaci ka hau mashin ka koma Funtua. Shi fa, ina za shi?"

Na ji haushi, na ce mata tsuntsu fa zan ɗauka, ba barikin soja ba. Ni da bakina na faɗi haka. Malam ya sa hula ya tafi wurin mai unguwa ya tsaya mini.

Bayan la'asar muka fita mu biyu. Kaka ce, dawar maƙwabta ta fi mutum tsawo, ta rufe mu hagu da dama. Iska na taɓa ganye sai in ga Malam ya waiwaya. Na kafa kyamara, na ɗan ɗauki hotunan gwaji don in daidaita gilashin, sannan muka zauna jira. Shaho ya ƙi zuwa. Wannan ɗan banzan da ba ya fashi, ranar ce ya ga damar yin yawo.

Rana ta yi ja. Na ji ladan yana gyara murya a lasifika.

"Mu tafi," in ji Malam.

"Minti biyar, Malam, don Allah."

Ya dube ni, ya dubi hanya, ya tsaya. Har yau wannan tsayuwar tasa ce ke ci mini rai.

Wata ya fito daga bayan ɗorawar, ja wur, faɗinsa kamar faifai. Sai ga shaho ya taho ƙasa-ƙasa ya dira kan reshen sama, ya kakkaɓe fiffike, ya juya kai gefe, bakin nan nasa ya fito sarai a tsakiyar watan. Na danna, na sake dannawa. Wallahi a lokacin na manta da Malam, na manta da ƙaya, na manta da kowa.

"Kada wanda ya motsa."

'Yan sa-kai ne, su huɗu, da bindigogin toka, sun fito daga cikin dawa. Shugabansu maƙwabcin Malam ne, katanga ɗaya ta raba su. A Malumfashi ya wuni sayar da masara, mai unguwa bai samu ya gaya masa ba. Yana dawowa aka ce masa an hango mutum ya girke babbar bindiga kan ƙafa uku, ya saita gari. Sai a lokacin na lura. Ɗorawar tana gabas da ni, ƙauyen kuma yana bayanta.

Shugaban nasu ya ce mu zauna ƙasa. Ni dai ba komai, amma Malam, a gonarsa, a gaban mutumin da shi Malam ya yi wa 'ya'yansa huɗuba, ya tattara riga ya zauna cikin kunya. Na miƙa kyamara ina zuba bayani kamar rediyo. Ya dinga wuce hotunan ɗaya bayan ɗaya. Shaho. Shaho. Shaho. Sai ya iso kan na gwajin nan: rufin kwanon masallaci, rumbuna, da bakin hanyar da ake ja wa ƙaya.

"Wannan ma tsuntsu ne?"

Ba ni ya tambaya ba. Malam yake kallo.

Aka tasa mu gaba zuwa ƙofar mai unguwa, mutane sun fito daga masallaci suna kallo. Mai unguwa ya tabbatar an nemi izini, aka goge na gwajin, aka sallame mu kafin isha'i. Yaya ta dangwarar mini da tuwo ta shige ɗaki.

Wata guda na yi ba ni da sukuni. Kullum da asuba sai na kira Yaya in ji ko an kwana lafiya, don na san ko akuya aka ɗauka a garin, kan Malam za ta ƙare. Allah ya tsare, ɓarayi ba su shiga ba. Na ɗauka magana ta wuce. Ashe an daina aiko masa in za a zauna kan tsaro. Da liman ya yi tafiya, wani aka tura gaba, Malam ya bi sahu. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya ce masa ga laifinsa.

Na wanke hoton babba, na sa shi a gilashi, na ɗaure a bayan mashin na kai masa. Ban san me nake zaton zai gyara ba. Ya karɓa a zaure, ya ɗora a gwiwa, ya daɗe yana kallo.

"Ashe haka yake da kyau," ya ce.

Ya mayar da shi cikin takardar da na naɗo shi, ya ɗaure igiyar da kansa, ya miƙo mini.

"Koma da shi, kada a gan shi a gidan nan. Kai ma ka dakata da zuwa, sai na aiko maka."

Salla biyu ke nan, bai aiko ba.